Fiston biyu a cikin tsummana

Zuwa ga maigidana, Malam Habu makanike,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'a, ina sanar da kai na fita takaba lafiya. Garin Damagaram yana nan, sai dai Faransawa suna ta ɗaure kaya, an ce ƙasa ta dawo hannunmu. Ka tafi ba ka gani ba.

Tambaya gare ni, Malam. Babur ɗin nan da ka samu a mace wurin wani Bature, ka kwance injinsa a zaure, da aka raba gado a kasona ya faɗo. Yanzu an tura ɗanmu na fari, wanda gari ke kira Likita, aikin asibiti a Gidimuni. Da wannan babur zai riƙa zaga ƙauyuka, ya zo gida ran Juma'a. An ce sai na faɗi yadda za a haɗa shi, tunda nawa ne.

Ƙanenka Idi, da ke riƙe da garejin yanzu, ya ce hanya biyu ce. Ko a goge murfin inji a sa babban karburato da ƙaramin fiston, ya yi gudu kamar barewa, amma ya riƙa zafi. Ko a faɗaɗa ramin da fiston ke shiga a sa babban fiston, gudu ya ragu, ja ya ƙaru. In an faɗaɗa, ba a mayarwa. Likita gudu yake so. Wai, Inna, don in iso ki kafin tuwo ya huce. Idi ya ce masa, kai ɗan lakwal, ɗan boko, allura ka sani, rairayin Gidimuni ba ya jin Faransanci.

Cikin takaba na yi ta zama gaban ƙarafan nan ina jujjuya su. Ashe fiston kamar ɗan kofin shayi yake! Shekara nawa ina wanke baƙin mai a rigunanka ban taɓa tambayar inda yake fitowa ba. Yaya abu ƙarami haka yake tura mutum har Gaffati? Da na tambaye ka, na san dariya za ka yi, sannan ka zana mini a ƙasa da tsinke.

Na tuna al'adarka. Ƙarfen da ka yarda da shi, kakan wanke shi da isansi, wato fetur, ka shafa masa mai, ka naɗe a tsumman tsohon zanena. Wanda ka ƙi, kwano kake jefa shi. Na ce to, amsa tana cikin tsumma. Na kwance ƙullin, sai ga fiston biyu, babba da ƙarami, kowanne a naɗe. Haba Malam! Kai ma ashe ba ka yanke ba. Na zauna ina dariya, hawaye na zuba.

Sai wata rana ta faɗo mini, muna amare, da ka ɗauke ni a babur ɗin wani malamin asibiti zuwa bayan ganuwa, tsofaffi suna salati. Muka kafe a rairayi, na sauka ina turawa da sabon lallena. Ka ce, Hadiza, inji ba a saninsa sai an ɗora masa wanda ake so.

Na gaya wa Idi ya sa babban fiston. Likita ya ɓata rai, sai na ce masa tuwo in ya huce ana ɗumama shi. Kuma ba shi kaɗai zai hau ba, ina so in ga tafkin Gidimuni da idona, ni kuwa ka sani ba ƙaramar mace ba ce.

Ƙaramin na mayar cikin tsumma, yana cikin akwatina. In na yi kuskure, ka yafe, kai ka bar mini zaɓin.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta. Shi kuma yaron, Allah Ya kai shi Ya dawo da shi.

Taka har gobe,
Hadiza