Ta'aziyyar Likita Mai Kujera, da Kira a Buɗe Ɗakinta

Cikin alhini mai nauyi, da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Mu Rayu Tare, ta masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da iyalansu, take sanar da mambobinta da sauran jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma likitarmu, Mai girma Farfesa, Shugabar Sashen Binciken Lafiyar Uwa da Jariri, wadda muka fi sani da Likita Mai Kujera, bayan gajeriyar jinya.

Wannan laƙabi ya samo asali ne daga wata kujerar roba da ba ta rabuwa da bayan motarta. Kafin ita, masu bincike da yawa sun zo sun ɗebi jininmu, sun yi mana tambayoyin da ko miji ba ya yi wa matarsa, sun tafi, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Marigayiya kuwa duk binciken da ta kammala, kafin ta kai wa manya, sai ta dasa kujerar nan a tasha tsakanin direbobin manyan motoci, ko a tsakar gidan mata masu zaman kansu, ko a farfajiyar gidan yari, ta bayyana mana abin da ta gani da harshen da muke ganewa, domin a ganinta mai jinin shi ya kamata ya fara ji.

A shekarunta na ƙarshe ta duƙufa ne kan mata masu ciki da ke ɗauke da ƙwayar cutar, tana bibiyar shan maganinsu, tana gwada jariransu. Ni kakakin ƙungiya, 'yata tana cikinsu. A makon da Marigayiya ta kwanta ciwo aka sanar da mu cewa gwajin farko na jikata ya fito lafiya lau. Ni da na yi shekaru ina zaton ko auren 'yata ba zan gani ba, yau ga ni da jika tana jan gemuna, kuma duk wanda ya tsaya gaishe ni a hanya sai ya ji labarinta ko yana sauri. Iyalan Marigayiya su gafarce ni da sako murnata a cikin ta'aziyya, aikin hannunta ne.

Saboda haka ne ƙungiya take bayyana takaicinta ga Hukumar Gudanarwar cibiyar da Marigayiya ta yi wa hidima. Sanarwar da hukumar ta fitar ta jero lambobin yabonta da tarukan da ta halarta, amma ko sau ɗaya ba ta ambaci cutar da ta ƙarar da rayuwarta a kai ba. Ni da na koyi karatu a ajin yamma da furfura a kaina, na maimaita karantawa, a zatona idona ne ya tsallake layi. Wannan mun haɗiye. Abin da ba za mu haɗiye ba shi ne kwaɗon da aka ɗaura wa ɗakinta na duba mata a cibiyar tun ba a share makoki ba, aka ce masu shayarwar da take dubawa su koma babban layin karɓar magani, inda ake ƙwala wa mutum kira ta taga a gaban maƙwabtansa. Cikinsu akwai wadda dangin mijinta ba su san halin da take ciki ba. Irin wannan baiwar Allah gida za ta zauna, maganinta ya ƙare, alhali jariri yana kan nono, kuma akwai sauran gwaji bayan yaye. Masu ilimin da suka sa kwaɗon sun fi mu sanin abin da zai biyo baya.

Ma'aikatan jinyar da Marigayiya ta horar suna nan, kuma sun ce a shirye suke su ci gaba. Mun ji an ce za a sa wa zauren taro sunanta. Muna roƙon Mai girma Shugaban cibiyar, cikin girmamawa, ya ajiye fentin, ya ba su makulli.

Ga maigidanta, da 'ya'yanta, da mahaifiyarta mai yawan shekaru, waɗanda suka shigar da mu har cikin ɗaki suka ci abinci kwano ɗaya da mu, ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba ku juriyar wannan babban rashi.

Ga 'ya'yanmu masu goyo kuwa, kada wadda ta fasa shan magani, kada wadda ta fasa zuwa a ranar da aka ba ta. Ku zo ƙofar ɗakin kamar kullum. Za ku tarar da mu tsofaffi a zaune a wurin, kuma ba za mu tashi ba sai an buɗe.

Sa hannu:
Baba Direba
Kakakin Ƙungiyar Mu Rayu Tare