Likita ta tura ni sashen gashi, ni kuwa ina jin ɓoye min ake yi

Anti, don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wannan har ƙarshe ko da kin ga ina ta kwana-kwana. Ban taɓa faɗa wa kowa shi gaba ɗaya ba.

Ni malamar firamare ce, aji biyu nake koyarwa. Shekarata talatin da tara, 'ya'yana huɗu. Autata ta zo da girma, yini guda na yi ina naƙuda, sai da aka ƙara ni sannan aka jawo ta. Tun daga nan in na yi tari ko atishawa sai in ji ɗigon fitsari. Na faɗa wa Yayata, ta yi dariya ta ce duk macen da ta haihu haka take, wai ita ma sai ta harɗe ƙafa take iya dariya. Sai na koma sa audugar mata kullum kamar mai al'adar da ba ta ɗaukewa. Shekara uku ke nan.

A zangon karatun da ya wuce ina cikin goge allo ƙurar alli ta shige min hanci, na yi atishawa uku a jere. Anti, wannan karon ba ɗigo ba ne, har ƙafata ya gangaro, ga yara arba'in da shida suna kallona. Na juya na jingina da allo, na ce kowa ya kifa kai a tebur wasan barci za mu yi, wanda ya ɗago ya faɗi. Na ɗaura mayafina a ƙugu, na tuntsurar da gorar ruwana a wurin don a ce ita ta zube. Daga ranar ba na shan ruwa sai an tashi daga makaranta. Yanzu kaina ba ya rabuwa da ciwo, bayan gida kuma sai na yi kwana uku ban yi ba, in zan yi sai da yunƙuri kamar haihuwa. Salla ɗaya sai in sake mata alwala sau uku, in idar ina shakka.

Duk wannan da na iya haƙuri da shi. Amma wata biyu da suka wuce ina tsarki na taɓa wani abu a gabana, mai laushi, kamar ƙaramin ƙwai. Da safe babu shi. In na yini a tsaye sai ya leƙo, marata ta yi nauyi kamar wani abu zai faɗo.

Innarmu ciwon dajin mahaifa ne ajalinta. Ita ma ɓoyewa ta yi har ya ci ƙarfinta. Ni na yi jinyarta, ni na riƙa wanke zannuwanta, na san abin da na gani. Ranar da likitoci suka gama duba ta, fara'a suka yi mana, suka ce mu kai ta gida ta huta, mu ba ta duk abin da ranta ke so. Wata huɗu ta ƙara.

Da ƙyar na kai kaina asibiti. Likitar mace ce, layi har bakin ƙofa. Ta duba ni, ta sa na yi tari, ta ce mafitsara ce ta ɗan sauko, ba abin tsoro ba ne. Ta rubuta takarda ta ce in je sashen gashi, wato fisiyo. Ba allura, ba magani, ba hoto, duka bai kai minti goma ba. Sannan ta yi min murmushi, irin wanda aka yi mana ranar da aka sallami Inna. Bakina ya mutu, ban tambaye ta komai ba.

Na je sashen. Na tarar da wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki ana koya masa tafiya tsakanin ƙarafa biyu, ga wata mata da sandunan dogarawa. Na tsaya ina tunanin me za a gasa a jikina, ni da ban karye ba? Sai wani ma'aikaci namiji ya fito yana kiran sunaye, ban san lokacin da na juya ba. Takardar tana nan cikin jakata tsakanin takardun jarrabawar yara, mako biyar ke nan. A ɗakin malamai kuma wata abokiyar aikina ta ba da labarin maƙwabciyarta da aka cire wa mahaifa kan irin wannan, na kasa ƙarasa abincina.

Baban yara mutumin kirki ne, amma bai san komai ba. Wata biyu ina guje masa, yau ciwon kai, gobe gyaran jarrabawa. Shekaranjiya ya tambaye ni a hankali ko ya yi min laifi ne. Na ce a'a, na shiga kicin na yi kuka. In ina yi wa autata kitso sai in kama kaina ina tunanin wa zai riƙa yi mata.

Anti, ki faɗa min gaskiya. Sallamata aka yi da dabara kamar Inna? Ko yoyon fitsari ne ya kama ni? Kuma da wane baki zan faɗa wa mijina?

Malamar aji biyu

*

Malama ƙanwata, Allah ya jiƙan Inna, ya saka miki da alheri kan jinyarta. Wanda ya ga abin da kika gani dole gabansa ya faɗi, don haka ba zan ce tsoronki shirme ba ne. Amma ki saurare ni.

Ni ba likita ba ce, shi ya sa na kai wasiƙarki wurin wata ma'aikaciyar sashen gashi da ta daɗe tana duba mata. Ta ce abin da kika kwatanta, wanda yake ɓacewa in an kwanta ya leƙo in an daɗe a tsaye, ya yi daidai da abin da likita ta faɗa miki. A ƙasan ƙugun mace akwai tsokoki da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da hanji. Ciki da haihuwa mai wuya suna sassauta su, sai abin da ke sama ya sauko. Wannan ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya zama shi. Ba yoyon fitsari ba ne, shi wancan huda ce, fitsarin ba ya tsayawa ko da tari ko babu. Tsoka kuwa ƙarfafa ta ake yi, shi ya sa aka tura ki can. Ba karaya kaɗai suke dubawa ba, kuma babu abin da za a gasa miki.

Likitar ta gajarta miki bayani, wannan gaskiya ne. Amma ita ma ba ta san labarin Inna ba, tunda ba ki faɗa ba. Ki koma ki faɗa mata, ki nemi gwajin bakin mahaifa, wanda ya kamaci duk mace a shekarunki. Ki rubuta tambayoyinki a takarda don kada baki ya sake mutuwa. In kuma kika ga jini ba lokacin al'ada ba, ko bayan saduwa, ko ruwa mai wari, ko fitsari ya ƙi fita, ranar ki tafi, kada ki jira.

A sashen gashi ki ce mace kike so ta duba ki, haƙƙinki ne, kuma ba za a taɓa ki ba sai da yardarki. Za ta koya miki matse wurin kamar mai riƙe fitsari da iska, ki riƙe na ɗan lokaci kina numfashi, sannan ki saki gaba ɗaya. Mata da yawa suna yi ba daidai ba, suna tura ƙasa maimakon ja sama, shi ya sa ake son a koya a gabanta. Kada ki riƙa gwadawa lokacin da kike fitsari. Yakan ɗauki wata uku ko fiye ana yi kullum kafin a ga sauyi, kuma da yawa suna samun sauƙi sosai. In bai wadatar ba, akwai zoben roba da ake sakawa ya tallafe wurin. Aiki shi ne na ƙarshe, kuma ba kowane aiki ne cire mahaifa ba.

Yau ɗin nan ki koma shan ruwa. Ƙishirwa tana sa fitsari ya yi kauri ya dami mafitsara, tana busar da ciki, yunƙurin bayan gida kuma shi ke ƙara turo abin. Ki yawaita ganye da 'ya'yan itace, ki rage shayi, ki bar ɗaukar bokiti cike, ki riƙa zama a aji lokaci lokaci. Batun alwala ki tambayi malamar da kika yarda da iliminta, addini ya yi wa mai irin wannan larura sauƙi.

Yayarki ta yi gaskiya rabi. Mata da yawa haka suke, amma yawansu bai sa ya zama abin da za a zauna da shi ba. In kin koya ki koya mata, ko ta huta da harɗe ƙafa.

Baban yara kuwa, mutumin da ya fara neman laifin a wurin kansa ba zai guje ki kan wannan ba. Shirun ya fi yi masa ciwo. Ba sai kin tsara magana ba, ki ce masa, "Ba laifinka ba ne, ba ni da lafiya ne tun haihuwar auta, kuma tsoro nake ji." Ki miƙa masa takardar, ki ce ya raka ki. Saduwa ba ta ƙara wannan larura, in da zafi ko fargaba ki faɗa wa mai duba ki, ta saba jin haka.

Kada makon nan ya ƙare ba ki koma ba. Allah ya ba ki lafiya da kwanciyar hankali, ya raya miki su huɗun, ya sa ki ga jikokinki.

Antinki