Babban Katin da Ya Ƙi Tashi

Gidan Rimi, Minjibir
9 ga Yuni

Zuwa ga maigidana, Abban Tahira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya bariki, ya gudun asuba? Mu nan lafiya lau, Baba da Inna suna gaishe ka. Tahira ta fito da haƙori na biyu, a jikin kowa take gwada shi. Tunda sun karɓe muku wayoyi har wata shida, sai ka yi haƙuri da rubutuna, Malam Yahya direba zai riƙa kawo maka. Duk matar da ta shigo gidan nan sai na gaya mata mijina na koyon aikin soja, ko ba ta tambaya ba.

To, akwai magana. Ƙaninka Tasi'u ya share shagon ƙofar gida, ya jera benci, ya rataye talabijin kamar yadda ka tsara, don samari su riƙa biya suna buga gem ɗin ƙwallo. Sai laftof ɗin gem ɗinka ya ce bai san zance ba. Yana kunnuwa, amma da an jona shi da talabijin, baƙi ƙirin. A allonsa kuma 'yan ƙwallon sai su yi taku biyu su ƙame. Tasi'u ya kai shi birni, wani mai gyara ya ce katin hoto biyu ne a ciki, ƙarami na aikin yau da kullum, babba na gem, kuma ramin da ake soka wayar talabijin da babban yake haɗe. Wai babban ya ƙone.

Ka san Baba dama bai so ka sayar da sanka ka sayi wannan abu ba. Jiya ya ce takin zamani zai iso Lahadi ta sama. In abin bai tashi ba kafin nan, taki zai zuba a shagon, laftof kuma a sayar ko nawa aka taya. Shekara biyu kana kiwon san nan, ni ce shaida.

Ni dai ban yarda ya ƙone ba. Da idonka ka ga ya yi aiki a shagon da ka saya, ta ina zai ƙone a kulle? Na ce Tasi'u ya shigo min da shi ciki. Ya yi dariya har da riƙe ciki, wai ashe a madafi ake gyaran kwamfuta. Ya manta wata shida na yi ina koyon kwamfuta a Minjibir, kuma ni na zo ta ɗaya. Zai gani.

Allah ya ba ka juriya, ya dawo min da kai lafiya.

Matarka,
Sa'adiyya

*

Gidan Rimi
13 ga Yuni

Abban Tahira,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ƙafarka da ka ce ta kumbura ta saɓe. An yi ruwa mai kyau daren Talata, gero ya fito, an fara noman fari.

Kwana uku ina fama. Na goge manhajar babban katin na sake saukar da sabuwa, a tsaye a bayan rumbu, don nan kaɗai sabis ke kamawa. Shiru. Na shiga saiti in tilasta masa amfani da babban, na tarar wurin a dusashe, ba ya dannuwa. Na canja wayar talabijin. Shiru dai. Ba zan ɓoye maka ba, ranar Laraba na yi kuka, amma ban bari Tasi'u ya gani ba.

Jiya na lura da wani ɗan rubutun Turanci da ke fitowa a ƙasan allo duk lokacin da aka jona caja. Tasi'u ya ce talla ce, kullum rufe ta yake. Talla! Na karanta sau uku, cewa yake wutar da ke shigo masa ba ta ishe shi ba. Sai na sauko da kwalinsa daga kan durowa, inda nake ajiye kayan Tahira. Na saka cajar a gurbinta na soso, sai ga ta tana yawo a ciki, ko rabinsa ba ta cike ba. A jikinta an rubuta ƙarfin wutarta 65, a kwalin kuma 230. Na tuna ranar da ka zo da shi har na ce cajar ta yi nauyin tubali. Wannan ba tamu ba ce.

Ka san tunda wutarmu sai jefi-jefi take zuwa, wurin Basiru mai cajin waya ake kai shi. Ka kuma san yadda yake aikinsa, caja duk a kwando ɗaya, wadda bakinta ya shiga ita ce taka. Na tura Tasi'u. Basiru bai musa ba, ya ce tamu in ya jona ta inbatar solarsa sai ta yi ta kuka, shi ne ya canja mana da ƙarama, don taimako. Kai, jama'a! Ashe laftof ɗin in ya ji wuta kaɗan, kwantar da babban katin yake don ya rage cin wuta. Mai gyaran birni ma da ƙaramar ya gwada.

Saura abu ɗaya, Basiru ya manta inda ya jefa tamu. Ya ce ƙila ya kai gida. Kwana uku ya rage, ka taya ni da addu'a.

Taka,
Sa'adiyya

*

Gidan Rimi
17 ga Yuni

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka karanta.

Ranar Juma'a na nemi izinin Inna, na sa hijabi na tafi gidan su Basiru da kaina, tunda maza sun duba ba su gani ba. Ina shiga na hango cajar. Mahaifiyarsa ta naɗe wayar tsaf ta danne kwandon 'yan tsakinta da ita saboda shaho. Ta ce ba ta taɓa samun abin danni mai kyau irinta ba. Sai da na nemo mata dutse kafin ta sake ta.

Asabar da hantsi Tasi'u ya aro janaretan Iliyasu mai walda, suka shigo da talabijin tsakar gida. Na goge cajar, na yi bismillah, na jona. Rubutun nan bai fito ba. Na shiga saiti, wurin da ya dusashe ya yi haske, na danna. Sai fankar laftof ɗin ta ɗau ƙugi, irin wanda ba mu taɓa ji ba. Na soka wayar talabijin. Abban Tahira, fili kore shar ya cika allo, har zufar 'yan wasa ana gani! Inna ta rangaɗa guɗa ba ta ma san me ake yi ba. Tasi'u kuwa ya kasa haɗa ido da ni, yanzu Injiniya yake ce min, ni kuma ina amsawa.

Da la'asar aka buɗe shago. Ban je ba, amma ihun samari har ɗakina.

Jiya Lahadi motar taki ta iso, buhu goma sha biyu. Bayan azahar sai na ji sallamarsa a ƙofar sashenmu. Shekara uku ina gidan nan bai taɓa takowa nan ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya nemi in gaya masa yadda na gano abin, ya tsaya a rana yana saurare har na gama. Ya sa min albarka, ya ce daga yau kada a sake kai wata na'urar gidan nan birni sai an nuna min.

Takin kuwa a ɗakinsa ya sa aka jibge, har bakin ƙofa. Shi ya ɗauki tabarmarsa da buta ya koma zaure, ya ce nan zai riƙa kwana har a gama zuba shi a gona. Da Inna ta gaya min sai na shige ɗaki na yi kuka mai isata, na farin ciki.

Ka yi horonka da kwanciyar hankali. Sanka bai tafi a banza ba, za ka dawo ka tarar da shagonka a buɗe.

Tahira na miƙo hannu. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka mai kewarka,
Sa'adiyya