Kafin Jirgi Ya Wuce Hasumiya

Izbat al-Burj, Dimyaɗ

Zuwa ga yayana Midhat,

Yaya, yaushe rabonka da danna waya da hannu mai santsin kifi, jirgi na rawa a ƙarƙashinka, ƙarti na yi maka ihu a ka? Riƙe amsar tukuna. Mama na gefena tana tsintar shinkafa, ta ce in na fara wasiƙa da faɗa babu sallama za ta ƙwace biron. To, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kai da Abla Suhair da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Hambug. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene yin shanya. Ƙanwarka Najla ta kusa sauka, jiki ya yi nauyi, bakin nan nata dai yana nan garau. Kifin sardin ya fara shigowa, unguwa duk hayaƙin gashi.

Maganar manhajarmu ce ta masunta, kuma a takarda na rubuto don saƙon waya kana karanta rabinsa ne ka ba da amsa. Kai ka gina ɓangaren da ke sauke taswirar iska da igiyar ruwa. Ni na yi fuskar da ake dannawa, da wurin da shugaban jirgi ke aika wa ƙungiyar masunta sunayen waɗanda suka hau. Makon jiya injin jirgin Rayyis Garib, ɗaya daga shugabannin jirage, ya mutu a tsakiyar teku, aka kwana ba labarinsa. Sabri mijin Najla ya fita ran nan neman jirgin da zai samu gurbi, kamar kullum, ba wanda ya san wanne ya hau. Ƙanwarka, da tsohon cikinta, ta taka har ofishin ƙungiya. Aka buɗa mata jerin, kowane jirgi da sunayen mutanensa, ban da na Garib. Sabri kuwa yana ciki. An jawo su washegari kowa lafiya, amma ni na ga idon Najla, kai ba ka gani ba.

Garib bai ko yi wanka ba ya zo gidanmu, ya dangwarar da wayar a gabana, ya kira ni injiniyan tsakar gida. Ya ce ya danna sai da babban yatsansa ya yi tsami, wayar ta ƙame kamar surukinsa, ka yi masa sallama ya zuba maka ido. Ya ce har mari ya kai mata. Na so in rama, ka san halina, sai dai gaskiya gare shi.

Ga abin da ba ya fitowa a na'urarka. Rayyis ba ya sanin mutanensa sai an kwance igiya. Wani ya makara, wani ya yi fushi da rabon jiya, wani ya tsallako daga jirgin maƙwabci da takalmi a hannu. Sai an tashi yake kunna data, kuma da an wuce hasumiyar fitila sabis ya tafi. A ɗan tsakanin nan ne saukar taswirarka ke mamaye komai. Ta buɗe duk hanyoyin da ta samu, ta kwaso taswira gaba ɗaya, ta kuma zauna warware ta a wuri guda da mai amsa yatsa. Ma'aikaci ɗaya, shi ke sauke buhu, shi ke amsa ƙofa. A wayarka mai tsada ba za ka ji komai ba. A tsohuwar wayar Garib mai fasasshen gilashi, kafin ta farfaɗo an wuce hasumiya, taswira ta sauka cif, sunaye na nan a hannu.

Na zauna da littattafan da ka bari a kwali na gyara. Sunaye ke fara tafiya, ba su da nauyi. Warware taswira na kai shi baya, inda ba zai tare ƙofa ba. Taswirar kuma gunduwa-gunduwa take zuwa, a fara da inda jirgin ya dosa. Da yatsa ya taɓa gilashi saukar ta ja da baya kaɗan, da an ɗaga ta ci gaba. Na sa wa Garib a wayarsa na bi shi teku. Ban ɓoye maka ba, na yi amai har sai da Sabri ya ce in bar wa kifi wuri ya ci wani abin. Amma Yaya, ya danna sau ɗaya ta amsa. Ya dubi wayar, ya dube ni, ya ce ashe surukin nasa na magana. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, har a wurin waya.

Sai na turo maka gyaran, ka maido mini da saƙon murya. Ka ce saukar ta ragu da gudu, ka ce rabin taswira ya fi rashinta haɗari, ka ce wannan aikin makaniken bakin titi ne. Ta ukun na bar ka da Mama, ta ji da kunnenta. Ta biyun kuwa ta hana ni sukuni, don ba ƙarya ka yi ba. Akwai ranar da za a wuce hasumiya gefen taswira bai iso ba, kuma mutum na iya ɗaukar wurin da babu komai a matsayin ruwa lafiya. Saboda haka yanzu duk inda bai sauka ba toka-toka yake fitowa, da rubutu ɓaro-ɓaro cewa nan ba mu sani ba. Garib ya ce shekara da shekaru yana shiga ruwan da bai sani ba, abin da ba ya so shi ne a yi masa ƙaryar an sani. Ba gudunka nake so in kashe ba. Ba don shi ba da ba abin da zai iso kafin hasumiya. So nake ya riƙa kaucewa idan mutum na magana, kuma na san kai za ka iya matse gunduwoyin nan fiye da ni, in ka sauko daga kan dokinka.

Abin nan zai yi nisa, wallahi. Tun da Garib ya fara nuna wayarsa a kwata, shugabannin jirage ke tare ni a hanya, har wani daga Burullus ya aiko tambaya. Amma makullin sakin sabon gyara ga kowa yana hannunka, sauran jirage kuma har yau da tsohuwar suke fita. Ƙungiya ta sa zama ranar Juma'ar ƙarshen wata bayan an sauko daga masallaci, a shagon shayin Ammu Fauzi. Rabinsu sun ce a goge manhajar a koma aiko yara da baki. In aka goge, ba mai sake yarda da mu.

Mama na gaishe ka, ta ce ta aiko maka da alawar mushabbak ta hannun ɗan Hajja Ni'imat. Najla da Sabri na gaisuwa. Ka gaishe mini da Abla Suhair, ka sumbaci Lujain da ƙaramin Tamir.

Ranar zaman zan kira ka, in buɗe murya, in ajiye wayar a tsakiyar tebur. Kada ka ba ni amsa ni kaɗai, ba zan karɓa ba. Najla ta ce ko a kujera za a ɗauko ta sai ta zo. A gabanta da gaban Garib za ka faɗa: za ka saki gyaran, ko kuwa taswira ta fi sunan Sabri sauri?

Ƙaninka,
Hazim