Yaya Ta Karɓe Makullin Gidanta

Jiya Yaya ta aiko mijinta ya karɓi makullin gidanta da ke hannuna shekara tara. Don Allah Anti, ki taimake ni.

Ita ta goya ni. Bayan rasuwar Mama, ranar da muke kwashe kayan ɗakinta, na ce a ba da keken ɗinkinta sadaka tunda ba mai amfani da shi. Yaya ta dube ni, ta ci gaba da ninke zanin gado. Wata huɗu ke nan ina juya kallon nan a raina. Da kullum sai ta kira ni a kantin maganin da nake aiki ta ji ko na ci abinci, yanzu in na tura dogon saƙo kalma ɗaya take mayarwa. Sai na ja jiki. Ko da ta kwanta zazzaɓi, saƙo kawai na tura. Ban tambaye ta komai ba, ina ni ina tsare Yaya da tambaya? Yau saura kaɗan in miƙa wa mai hawan jini maganin wani, abokiyar aikina ta riƙe hannuna. Ta cire ni daga ranta ke nan?

Auta

Auta, Allah ya jiƙan Mama.

Abin da kika sani tabbas kaɗan ne: kallo, gajeren saƙo, makulli. Sauran ƙwaƙwalwarki ce ta ƙara. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin sani. In ta ga giɓi sai ta cike shi, kuma a lokacin makoki da labari mafi muni take cikewa, don gara mata mugun labari da zaman jira. Tarbiyyar da ta hana ƙarami tambayar babba tana ƙara faɗaɗa giɓin.

Mai yiwuwa maganar keken ta sosa mata rai. Amma ita ma uwa ta rasa, kuma a ganinta ƙanwar da ta goya ce ta ɗauke ƙafa tana kwance ba lafiya. Tana can tana cike nata giɓin.

Ki ajiye waya, ki je da ƙafarki ranar hutu. Ki fara da ba ta haƙuri kan rashin dubiya, ki tambaye ta me kika yi mata, sannan ki yi shiru ki saurara. A wurin aiki ki nemi hutun kwana biyu, rayukan mutane kike riƙe da su.

Ba zan yi miki alkawarin amsa mai daɗi ba. Allah ya daidaita tsakaninku. Har yanzu dai ba wanda ya ji dalilin karɓar makullin daga bakin Yaya.