Uban da Kika Aro a Dandume

Malumfashi,
Lahadi, 14 ga Satumba.

Zuwa ga Uwata Naja'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Abdulrahman da abokan faɗana Talha da Almustapha. Allah ya tsare ku daga zazzaɓin Fatakwal, ya yi wa aikinku albarka. Mu nan lafiya lau muke. Damina ta yi kyau, masara ta nuna, waken suya ya fara ja. Ƙafar innarki ta yi sauƙi har ta koma zuwa biki, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Mansura ta yaye 'yarta, Zaharaddeen yana nan Funtua wajen aikinsa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a bakin buhun masarar da Awaisu direba zai kawo maki, alhali ga waya a aljihuna. Na zaɓi takarda ne saboda ita ba ta da minti, kuma duk adimin ɗinki ba ki da inda za ki danna ki goge ta. Sai dai ki yi haƙuri da rubutun. Kin san a aji huɗu ni da boko muka yi sallama, kuma har yau babu wanda ya nemi wani.

Maganar zaurenki ce, Zauren Tsoffin Kuɗi da kika buɗe a Wasaf, wanda yanzu na ga mutum ɗari uku da wani abu ne a ciki. Ba gori zan yi maki ba, amma ki tuna inda abin ya samo asali. Gwangwanin madara ne da ke ƙarƙashin gadona, wanda kike juyewa a tabarma kina 'yar shekara bakwai, kina ware anini daban, ɗari daban, kobo mai huji daban, sisi da sule daban. Ni na nuna maki wane ne na zamanin sarki, wane ne na sarauniya. Shi ya sa da na ji kin tara jama'a a kan abin, na sa Zaharaddeen ya saka ni, ina tsammanin da na yi sallama za a shimfiɗa mani buzu.

Kin dai ga yadda shigar tawa ta kasance. Na ce ba zan nuna wa baƙi kuɗi da dauɗa ba, na samo lemun tsami da toka, na wuni ina dirza har kowane kobo ya koma kamar sabon faranti. Na ɗauki hoto na tura ina jiran yabo. Sai zaure ya koma gidan makoki, wannan ya yi salati, wancan ya turo fuska mai hawaye. Daga nan Malam Maitama na Dandume, tsohon hedimasta, ya rubuto dogon darasi cewa tsohon kuɗi ba a wanke shi, dauɗar nan ita ce shaidar shekarunsa, wanda ya goge ta ya goge darajar. Da hotunana ya yi misali. Ke kuma kika liƙa darasin a saman zaure wata guda cur, duk wanda ya shigo da ni yake fara cin karo. Ban ce ba shi da gaskiya ba. Ni dai a duk rayuwata ban taɓa jin an zagi mutum don ya yi wanki ba sai ranar.

Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mani a wuya shi ne yadda kike kiransa. Baba Maitama ya ce, mu jira Baba Maitama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A watan Yuli kaɗai sau talatin da ɗaya kika rubuta, na bi na ƙirga, don manomi yana da lokaci bayan an gama noma na biyu. Ni kuwa in za ki yi magana a kaina sai ki ce mai wannan lamba. Na gane matsalarki, sunana ba ya faɗuwa a bakinki, Baba kuma ba ki son ce mani a gaban mutane, shi ne kika samo mani suna irin na motar haya. Yau wata takwas ina zauren, babu mutum ɗaya da ya san ni na haife ki. Ban faɗa ba, don na ga ke ba ki faɗa ba.

Na yarda Maitama yana da kayan aiki. Yana da littafin nan mai kauri da aka kawo mashi daga Ingila, da gilashin da ke ƙara wa abu girma, da ɗan sikelin da ko tsaba ɗaya ta gero yana iya aunawa. In ya yi bayani da Hausa sai ya maimaita da Turanci saboda su Kemi, 'yan zauren da ba sa jin Hausa. Ni abin da nake da shi ido biyu ne, ɗayan ma ya fara yaji. In na ga an jera mashi babban yatsa ashirin a ƙarƙashin magana ɗaya, sai in ji tuwo ya fita raina. Innarki ta ce wannan ciwo sunansa hassada, kuma ba a sayar da maganinsa a kemis. Na ce mata kishi ne, ta ce in zaɓi wanda ya fi mani daɗin ji, duk ɗaya ne a wajen tsoho mai furfura.

Sai ga maganar kobon Uchechukwu, yaron nan haifaffen Funtua da ke Aba yanzu, wanda Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya turo kobo mai huji da ya ɗan lanƙwashe, da wani zobe da ya lotsa kewaye da hujin, fuska ɗaya ta yi baƙi ƙirin, ɗayar kuma da haskenta. Maitama ya duba littafi kwana biyu, ya dawo ya ce a ganinsa kuskuren inji ne tun daga inda aka buga kuɗin, irinsa ba shi da yawa, a adana shi da kyau. Zaure ya ɗauki murna. Ni kuwa kallo ɗaya na yi mashi na gane shi kamar yadda zan gane ɗan unguwarmu. Ba a banza ake ce mani Sada Kafinta ba. Bayan da naira ta shigo, tsohon kobo ya zama ba ya sayen komai, ƙusar kwano mai hula kuma ta yi wuya. Sai mu zura ƙusa a hujin kobo mu buga a kan kwano, ya zame mata hula, ya hana ruwa bi. Lanƙwasar nan tudun kwano ne, zoben kan ƙusa ne, baƙin kuma rana da ruwan shekara hamsin.

Da na tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma na danna waya na yi saƙon murya na minti tara, alhali dokarki minti biyu ce, kuma duk mai magana ya kawo hoto ko shafin littafi. Ban kawo ko ɗaya ba. Sannan a minti na bakwai na ce wanda bai taɓa riƙe guduma ba, gilashinsa ba abin da yake ƙara wa girma sai rashin saninsa. Na faɗa, ba zan musa ba, kuma lokacin da nake faɗa daɗi na ji. Kafin la'asar kin goge saƙon, kin rubuta cewa an fitar da mai wannan lamba na mako ɗaya saboda cin mutuncin dattijo. Uwata, na girmi Maitama da shekara biyu, na bincika.

Makon nan na waje ban yi shi a zaune ba. Kin san tsohon sitonmu na bayan gida, ni da kakanki muka rufa shi shekara uku bayan canjin kuɗi. Na jingina tsani na hau, innarki tana riƙe da shi tana faɗa mani irin abin da za ta gaya wa mutane in na faɗo, wai ba za ta ce wajen neman abinci na karye ba. Ga tsoffin kwabban nan kuwa a jere a kan kwano, kowane da ƙusarsa a ciki. Na ɗauki hoto kafin in taɓa, na ɗauka ina cirewa, na sauko da uku na ɗauke su ciki da baya kusa da rula, yadda dokarki ta ce. Ban wanke ko ɗaya ba. Abin da na manta shi ne toshe hujin da na bari, da yamma aka yi ruwa ya sauka daidai kan busasshiyar kuɓewar innarki. Wannan shari'ar har yanzu ba a yanke ta ba.

Da Tajudeen, adimin na biyu, ya mayar da ni, na tura hotunan da bayani na minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Na zauna ina jiran Maitama ya yi gardama, don na tanadi amsoshi har kala uku. Mutumin nan ko ƙin gaskiya bai iya ba. Ya rubuta cewa ya yi kuskure, littafinsa ya san inda aka buga kuɗi amma bai san inda kuɗi suka kwana ba, ya gode wa Malam Sada da ya koya mashi. Ke kuma me kika yi? A ƙarƙashin hotunana kika sa babban yatsa guda ɗaya. A ƙarƙashin maganarsa kika rubuta layi shida a kan tawali'un Baba Maitama, kika ce kowa ya yi koyi da shi, kika liƙa a sama. Ni na hau rufi da gwiwa mai ciwo, shi ya faɗi jarrabawa, kuma shi aka ba kyauta.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga sallama a ƙofar gida. Maitama ne da kansa, ya hau babur zuwa Funtua, ya shiga bas zuwa nan, wai yana son ganin rufin da idonsa. Na so ƙwarai in same shi mai girman kai. Sai na ga ɗan siririn tsoho da kunne ɗaya ba ya ji sosai, ya riƙo mani kwalbar zuma. Ya tsaya a gindin tsani yana kallon sama kamar mai duban wata. Ya ci tuwon innarki ya yaba, ita kuma nan take ta koma ɓangarensa. A cikin hira ya ce 'ya'yansa bakwai babu wanda ya taɓa tambayarsa ko anini mene ne, shi ya sa in kin ce mashi Baba yake jin kamar an yi mashi kyauta. Na ce Allah sarki, a raina kuwa na ce kyautar daga rumbuna aka ɗebo ta.

Da muka shiga falo ya ga hoton bikinki a bango. Ya ciro tabarau, ya duba hoton, ya duba wayarsa, ya dube ni. Ya tambaya ko Hajiya Naja'atu ta zaure 'yata ce, na ce ita ce ta uku. Sai ya tambayi dalilin da ya sa ba ki taɓa faɗa ba, har kika fitar da ni a gaban jama'a. Yadda ya yi tambayar na ga ya fara auna ki a sikelinsa, kuma ban so abin da zai samu ba. Sai na ji bakina yana cewa ai ni na hana ki. Na ce tun ranar da na shiga na kafa maki sharaɗi kada ki nuna kin san ni, don kada a ce adimin tana ɗaure wa ubanta gindi, kuma in na karya doka ki hukunta ni kamar kowa. Ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa ganin uba irina ba. Yabo na farko ke nan da na samu a harkar nan ba tare da na hau tsani ba, kuma a kan ƙarya na same shi.

Ya ce zai faɗa wa zaure, kuma zai nemi a ba ni adimin mai duba kuɗin da suka bi ta hannun maƙera da kafintoci da masu kitso. Na roƙe shi ya dakata har Juma'a ta sama, in ji daga gare ki. Adimin kam ina so, kada in yi maki ƙarya ta biyu, ko don in fitar da Maitama na yini ɗaya in ji yadda abin yake. Amma ba shi ya sa na cika takarda huɗu ba.

In ya tambaye ki, ki ce haka ne, ni na hana ki, kada maganarmu ta bambanta. Sai dai ni na san ban hana ki ba, ke ma kin sani. In don adalcin zaure kika yi shiru, na yarda, kin fi ni hankali, kuma dama an daɗe da sanin haka a gidan nan. In kuwa lemun tsamin ne, da minti taran, da rubutuna da ba ya tsayawa a layi, to ki kira ni ki faɗa mani da bakinki, ba a zaure ba. Zan ce wa Maitama ya bar maganar, in fita a hankali, in ce wayar ce ta lalace. Ba zan yi fushi ba, ko in na yi ba zai wuce girbi ba. Wayar tana aljihun gaba, na ƙara mata ƙara saboda injin casar maƙwabta.

Innarki tana gaishe ki, ta ce a cikin buhun akwai daddawa da kuka, kuɓewa kuma ki tambayi ubanki. Mansura da maigidanta suna gaisuwa, haka Zaharaddeen da gwaggonki Hajjo. Ki gaishe da Abdulrahman da kyau. Ki ce wa Talha da Almustapha ina nan da ƙarfina, in sun isa su zo hutu mu gwada. Allah ya yi maki albarka, ya sa 'ya'yanki su yi maki abin da ya fi wanda kike mana.

Wassalam, daga mahaifinki,
Sada Kafinta.