Injiniyanku Ya Kashe Mini Kwamfuta, Ya Share Muryar Kakata

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu gyaran kwamfuta na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ranka ya daɗe.

Sunana Rabi, haifaffiyar Sabo ce ni, ina koyarwa a wata Islamiyya ta unguwarmu. Sau biyu na hau okada zuwa ofishinka, sau biyu aka ce mini Oga ya fita. Shi ya sa na rubuta inda kowa zai karanta. Ƙorafina a kan wani ɗan ƙungiyarku ne mai shago a Mokola, wanda ya rubuta "Injiniya" a allonsa da haruffan da suka fi iliminsa girma.

Na farko. Ranar wata Litinin na kai masa kwamfutata ya sa mata sabuwar babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Kafin in je na karanta bayanin kamfanin da ya ƙera ta: sai an fara sabunta Bayos, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da na'ura idan an kunna ta, kafin sabuwar ta zauna. Na faɗa masa haka. Ya dubi hijabina, ya dubi maƙwabcinsa, suka yi dariya. Ya ce, "Alhaja, ki bar wa masu aikin aikinsu." Na bar masa. Kallon kitse na yi wa rogo.

Na biyu. Na roƙe shi ya kwashe abin da ke ciki ya adana kafin ya taɓa komai. Ya rantse zai yi. Bai yi ba. Ya share na'urar tas, ya fara ɗora sabuwar manhaja a kan tsohon Bayos, aiki ya cije a tsakiya. Sai a lokacin ya tuna maganar Alhaja. Ya koma sabunta Bayos cikin gaggawa, batir ya kusa ƙarewa, bai tayar da janareto ba. Aka ɗauke wuta. Tun ranar kwamfutar ba ta sake haske ba. Ba zato nake yi ba, da bakinsa ya faɗa mini, yana dangwala ƙosai a yaji, ya rufe da "e ma binu", wato in yi haƙuri da Yarbanci, kamar ƙafata ya taka a cikin keke mai ƙafa uku.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni yin shiru. A cikin abin da ya share akwai muryar kakata, Hajiya Gambo, wadda ta haifi mahaifiyata. Azumi guda na yi ina zama kusa da ita bayan la'asar ina naɗa. Ta ba ni labarin yadda suka sauka Ibadan a jirgin ƙasa da kakanmu, ya fara cinikin goro ba ya jin Yarbanci ko kalma ɗaya. Ta lissafa dangin da suka bari a arewa, gida gida, har da waƙar da uwarta ke yi mata wajen daka. Ta rasu bayan babbar sallah. Na yi sakaci da ban ajiye wani kwafi ba, wannan laifina ne, na ɗauka. Amma ai kwafin na ce ya yi. Mahaifiyata takan ce, "Rabi, kunna mini Iya." Har yau ce mata nake kwamfuta na wurin gyara.

Ranka ya daɗe, wa ke tantance mutanenku? Abin da malamar Islamiyya ta karanta a wayarta, Injiniya mai katin ƙungiya a wuya bai sani ba. Rashin sani ba abin kunya ba ne. Jahilin da aka faɗa wa gaskiya ya yi dariya, shi ne abin raini.

Buƙatuna ke nan. A karɓo faifan ajiyar kwamfutata daga hannunsa, kada ya sake taɓa shi, a ba wanda ya iya ya gwada ko za a ceto wani abu. A gyara na'urar ko a maye mini gurbinta da wata. A wajabta wa 'ya'yan ƙungiyarku adana kayan mutane da duba Bayos kafin su share komai. Shi kuma ya zo gidanmu ya zauna gaban mahaifiyata ya faɗa mata abin da ya yi. Ni na kasa.

Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da mabiyan da ba za su zubar maka da mutunci ba.

Wassalam.

Malama Rabi,
Sabo, Ibadan.